Filasma marar daidaiton zafi: tambayoyi da amsoshi kan yadda take da aikin da injiniyoyi ke sa ta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban fiziks da na injiniyanci a Bauchi da Gombe suka fi yawan yi a kan wannan fanni, tare da wasu da ke fitowa daga masu sana'a, kamar masu walda, masu gyaran lantarki da masu kamfanin ruwan leda, waɗanda suke aiki da filasma kullum ko da ba su san sunanta ba.

Mece ce filasma, kuma me ya bambanta ta da gas?

Kowa ya san ƙanƙara takan narke ta zama ruwa, ruwa kuma ya zama tururi. Idan aka ci gaba da ɗura wa gas makamashi, ko ta hanyar zafi ko ta ƙarfin lantarki, akan kai matsayin da ƙwayoyin ilektiron za su fara ɓallewa daga atom ɗin da ke riƙe da su, sai atom ɗin ya koma ayon mai cajin da ya saɓa wa na ilektiron. Cakuɗar ilektiron da ayon da sauran ƙwayoyin gas da ba su rasa komai ba, ita ce filasma. Tana ɗaukar wutar lantarki, maganaɗisu yana iya juya ta, kuma ƙwayoyinta suna jan juna ko tunkuɗe juna daga nesa ba sai sun yi karo ba. Irving Langmuir, wanda ya yi aiki a kamfanin General Electric a Amurka, shi ne ya sa mata wannan suna a 1928. Rana da taurari filasma ce, haka ma walƙiya.

Malam, me ake nufi da cewa ba ta da daidaiton zafi? Abu ɗaya zai iya zama da zafi iri biyu?

Zai iya, kuma duk fannin a kan wannan ya tsaya. Abin da muke kira zafi shi ne matsakaicin kuzarin motsin ƙwayoyin abu. A cikin tukunyar ruwa ko a cikin ɗaki, ƙwayoyin sun yi ta karo da juna har sun raba kuzarin daidai, shi ya sa ma'aunin zafi ke ba da adadi ɗaya. A cikin filasmar da lantarki ya haifar lamarin ya sha bamban, domin lantarkin ya fi hanzarta ilektiron saboda rashin nauyinsa, shi kuwa ilektiron ba ya iya miƙa wa manyan ƙwayoyi kuzarin da ya samu cikin sauƙi.

Dalilin yana cikin nauyi. Atom ɗin argon ya ninka ilektiron nauyi kimanin sau 73,000. Idan aka jefi turmi da ƙwayar gero, ƙwayar za ta dawo da kusan duk gudunta, turmin kuwa ko gezau. Haka ilektiron yake yi: a karo ɗaya da atom ɗin argon, abin da yake rasawa bai wuce kashi ɗaya cikin kimanin 36,000 na kuzarinsa ba. Kafin ya yi dubban karon da za su kwantar da shi, lantarki ya riga ya sake tura shi. Sakamakon haka akan sami ƙwayoyin ilektiron masu zafin da ya haura digiri 10,000, alhali gas ɗin da suke yawo a cikinsa bai wuce ɗumin jiki da yawa ba. Masana sun fi auna zafin ilektiron da ma'aunin ilektiron-bolt, wanda ɗayansa ya yi daidai da kimanin digiri 11,600 a ma'aunin Kelbin, kuma yawancin filasmar da ake aiki da ita tana tsakanin 1 zuwa 10.

Dogon ƙwan lantarki da aka saba gani a azuzuwa da ofisoshi misali ne da ke kusa da kowa. A cikinsa akwai ɗan tururin makuri da argon a ƙarancin matsi. Ƙwayoyin ilektiron da ke ciki sun fi fuskar rana zafi, wadda ke da kimanin digiri 5,500, amma mutum yana iya riƙe ƙwan da hannu yana ci. Abin da ya sa ba ya ƙona hannu shi ne ƙwayoyin ilektiron ɗin kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada su da sauran gas ɗin, kuma kuzarinsu yana tafiya ne wajen zaburar da makuri ya fitar da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254, wanda farin garin da aka shafa a jikin gilashin ke mayar da shi hasken da muke gani.

To wutar walda fa? Ita ma ai filasma ce, kuma tana narkar da ƙarfe.

Gaskiya ne, amma ita tana ɓangaren filasma mai daidaiton zafi. Tsakanin sandar walda da ƙarfe wuta mai yawa ce ke gudana, sau da yawa amfiya 100 ko fiye, a cikin iskar da ke da cikakken matsi. Ƙwayoyin ilektiron suna da yawa, karon da suke yi ba ya ƙirguwa, saboda haka duk da cewa kowane karo ɗan kuzari kaɗan yake miƙawa, jimillarsa takan ɗaga zafin gas ɗin ya kusan kamo na ilektiron, ya haura digiri 6,000. Walƙiya ta fi haka, takan kai kusan digiri 30,000. Mai walda zafin yake nema, don haka wannan ita ce ta dace da shi. Wanda kuwa yake son ya kashe ƙwayoyin cuta a kan roba ko a kan fatar mutum, zafin ne abokin gabarsa.

In haka ne, yaya ake samar da filasma mai sanyi a cikin iskar da muke shaƙa ba tare da ta rikiɗe ta zama tartsatsi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba injiniyoyi aiki. A cikin bututun da aka zuƙe iskarsa abin yana da sauƙi, domin karo ya ragu kuma filasma takan bazu ta cika wurin lumui. Tun 1889 Friedrich Paschen ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da ake buƙata kafin gas ya fara ɗaukar wuta ya dogara ne da matsin gas ɗin da kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. A busasshiyar iska mai cikakken matsi ana buƙatar kimanin bolt 30,000 ga kowace santimita, kuma da zarar hanya ta buɗe sai wutar ta taru a siririn layi ɗaya, layin ya yi zafi, zafin ya ƙara sauƙaƙa wa wuta wucewa, cikin ƙiftawar ido an sami tartsatsi.

Dabarar da ta fi daɗewa ita ce a sa shinge na gilashi ko tangaran tsakanin ƙarafan biyu, a kuma yi amfani da wuta mai sauya alkibla. Werner von Siemens ne ya fara yin haka a Jamus a 1857 don samar da ozon, wato wani nau'in oksijin mai atom uku a ƙwayarsa. Da zarar siririn layin wuta ya isa kan gilashin, caji yakan taru a wurin ya toshe hanyar, layin ya mutu cikin 'yan nanodaƙiƙa, wato kashi kaɗan cikin biliyan na daƙiƙa, kafin ya ɗumama iskar, wani kuma ya tashi a gefensa. Wanda ya taɓa kallon irin wannan na'ura a ɗaki mai duhu zai ga dubban siraran zaruruwa masu launin shunayya suna rawa tsakanin gilasan biyu, zai ji wani siririn sauti kamar na ƙudan zuma, kuma kafin minti ɗaya hancinsa zai kama wani kaifin wari. Warin ozon ke nan. Idan ya kashe wutar ya taɓa gilashin, ɗumi kawai zai ji.

Akwai wasu hanyoyin. Ana iya aika wutar a guntaye, kowane guntu bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, ta yadda za ta yanke kafin zafi ya taru. Ana iya busa hiliyom ko argon ta cikin siririn bututu, filasmar ta fito kamar harshen kyandir amma a iya sa yatsa a ciki. Ana kuma iya amfani da tsini ko siririyar waya, inda ƙarfin lantarki ke taruwa a bakin tsinin kaɗai, filasmar ta tsaya a nan ba ta tsallaka ba. Wannan ta ƙarshe ita ake kira korona.

Mene ne ainihin amfanin raba zafin ilektiron da na gas?

Amfanin shi ne ana zuba makamashi inda ake buƙatarsa kaɗai. A hanyar da aka saba, idan ana son wani sinadari ya tsinke ko ya haɗu da wani, sai a dafa komai da komai, har da tukunyar da abin da ake son a gyara. A filasma marar daidaito, ilektiron mai gudu shi ke tsinka ƙwayar oksijin ko ta tururin ruwa, gutsattsarin da suka fito kuma su yi aikin da ba zai yiwu ba sai a tanderu, alhali kayan da ake aiki a kansu suna nan da sanyinsu.

Babu inda wannan ya fi tasiri kamar masana'antar ƙananan kwakwalwan lantarki da ke cikin waya da kwamfuta. Ana sassaƙa layukan da suka fi gashi siranta sau dubbai a kan silikon, kuma ruwan asid ba zai iya ba domin yana cin gefe kamar yadda yake cin ƙasa. A cikin filasma, saboda ilektiron ya fi saurin gudu, yakan riga ayon isa kan kowane abu da ke cikinta, sai wani siririn yanki ya samu a kan silikon ɗin wanda ke fizgo ayon ya sauko a miƙe. John Coburn da Harold Winters na kamfanin IBM sun nuna a 1979 cewa idan sinadarin fulorin da saukar ayon suka haɗu, sassaƙar takan ninka abin da kowannensu zai yi shi kaɗai sau da yawa, kuma a inda ayon ya sauka kawai. Yawancin irin waɗannan na'urori suna aiki da wuta mai bugun megahaz 13.56.

Shuɗin da ake gani a fuskar farantan sola da suka cika rufin gidaje da shaguna a Bauchi shi ma aikin filasma ne. Siririn rufi ne na silikon naitiraid da ake shimfiɗawa daga gas ɗin silen da amoniya a zafin kimanin digiri 400, domin ya hana haske komawa. Ba don filasma ba da sai an kai digiri 700 ko fiye.

Ina da kamfanin ruwan leda. Shin na'urar ozon za ta wadatar wajen tsabtace ruwa?

Alhaji, za ta taimaka ƙwarai, amma ba za ta wadatar ita kaɗai ba. Ozon ya fi kulorin ƙarfi wajen kashe ƙwayoyin cuta, yana kawar da wari da launi, kuma yana mayar da ƙarfen da ya narke a ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ya zama gari wanda abin tace ruwa zai iya kamawa. Birnin Nis na Faransa ya fara tsabtace ruwan shansa da shi tun 1906. Sai dai ozon ba ya daɗewa a cikin ruwa, cikin mintuna yake komawa oksijin, don haka ba ya kare ruwan daga gurɓatar da za ta same shi daga baya. Shi ya sa ruwan da zai yi doguwar tafiya a bututu, kamar wanda ke fitowa daga madatsar Gubi zuwa Bauchi ko daga Dadin Kowa zuwa Gombe, yake buƙatar kulorin ko da an bi da shi ta ozon. Haka kuma ruwa mai laka yakan cinye ozon a banza, dole a tace shi tukuna.

Abin da masu saye suka fi mantawa da shi shi ne iskar da ake ciyar da na'urar. Idan tana da laima, ozon ɗin da ke fitowa yakan ragu sosai, kuma asid ɗin naitirik yakan taru ya ci cikin na'urar. Da damina ke nan. Da hunturu iskar a bushe take amma cike da ƙura, ƙurar kuma takan kwanta a kan gilashin ta jawo tartsatsi. Na'urar da ba ta da abin busar da iska da matatar ƙura ba za ta yi ƙarko a wannan yanki ba, kuma a ganina ya fi kyau mutum ya kashe kuɗinsa a kan waɗannan biyun da ya sayi babbar na'ura marar su.

A ina kuma korona take aiki a kusa da mu?

Ledar da ake buga sunan kamfani a kanta, tawada ba ta kama ta yadda ta fito daga inji. Ana bi da ita ta ƙarƙashin korona na ɗan lokaci, ƙwayoyin oksijin su manne a fuskarta, sannan tawada ta zauna. Ana iya gane bambancin da ɗigon ruwa: a kan ledar da ba a gyara ba yakan dunƙule, a kan wadda aka gyara kuwa yakan baje. Tsofaffin injinan fotokwafi suna cajin gangarsu da wayar korona, kuma ita ce silar warin da ake ji a shagon da aka daɗe ana kwafi. Frederick Cottrell ya yi amfani da ita a 1907 wajen kama ƙura da hayaƙi a bututun masana'antu, dabarar da kamfanonin siminti da tashoshin wuta da dama ke amfani da ita har yau. Ƙarar da ake ji a ƙarƙashin manyan wayoyin kilobolt 330 da suka taso daga Jos zuwa Gombe, musamman idan an yi yayyafi, ita ma korona ce, amma a nan asarar wuta ce da injiniyoyi ke ƙoƙarin ragewa.

An ce ana iya yin takin zamani daga iska da lantarki kawai. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma an yi shi tun kafin hanyar da duniya ke bi yanzu. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, sai dai atom biyun da ke cikin ƙwayarsa sun riƙe juna da ƙarfin da shuka ba ta iya tsinkawa. Walƙiya tana tsinka su, ruwan sama kuma ya sauko da abin da ya samu cikin ƙasa. Kristian Birkeland da Sam Eyde sun kwaikwayi wannan a Norwe a 1903 da wutar madatsun ruwa, har aka kafa masana'antu a kai. Hanyar Haber da Bosch ta haɗa naitirojin da haidirojin su zama amoniya, wadda ta fara aiki a Jamus a 1913, ita ta kawar da su saboda ta fi arahar makamashi nesa ba kusa ba, kuma a kanta ne masana'antun yuriya irin ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 suka dogara.

Abin da ya dawo da maganar shi ne filasmar Birkeland mai zafi ce, yawancin wutarta a ɗumama iska take ƙarewa. A filasma marar daidaito ana iya sa ilektiron ya girgiza ƙwayar naitirojin mataki-mataki har ta yi laushin da oksijin zai iya raba ta, kuma lissafi ya nuna cewa ta wannan hanya ana iya sauka ƙasa da makamashin da Haber da Bosch ke ci. Amma na'urorin da ake da su a yau suna cin ninkinsa sau da dama. Fa'idarsu ita ce ba sa buƙatar iskar gas ta ƙasa, ko zafin digiri 400 zuwa 500, ko matsin da ya ninka na iska fiye da sau 150, kuma ana iya kunna su a kashe su yadda rana ta ba da wuta. Ga manomin rani da ke nesa da tashar jirgin ruwa, wanda kuɗin mota ke shiga cikin farashin kowane buhu, wannan lissafi ne da ya cancanci a zauna a yi shi da gaskiya. Duk wanda ya zo da irin wannan na'ura, a tambaye shi kilowat-awa nawa take ci kafin ta ba da kilo ɗaya na naitirojin, domin a wannan adadi ne ribar ko asarar take.

Yaya batun asibiti?

Amfani biyu ne suka tabbata. Na farko shi ne tsabtace kayan aikin da ba sa jure tururin digiri 121, kamar na'urorin leƙa cikin jiki, inda ake amfani da tururin haidirojin feroksaid a ƙarancin matsi da zafin da bai wuce digiri 55 ba, filasma kuma ta wargaza ragowarsa. Wannan hanya ba ta karɓar auduga ko takarda ko ruwa. Na biyu shi ne jinyar gyambon da ya ƙi warkewa, kamar na ƙafar masu ciwon suga. Na'urar kINPen da aka ƙera a birnin Greifswald na Jamus ta sami izinin amfani a Turai a 2013, kuma aikinta shi ne rage ƙwayoyin cuta a kan gyambon da zaburar da nama ya tsiro, a matsayin ƙari kan wanki da ɗauri da kula da sukarin jini. Maganar sankara kuwa tana matakin bincike, kuma bai halatta wani ya karɓi kuɗin majiyyaci da sunan zai warkar da ita da filasma ba.

Tana taimaka wa iri da hatsin ajiya?

Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna tana sa ɓawon wasu irin shuka ya fi shan ruwa, tana kuma rage funfuna da gubar afulatoksin a gyaɗa da masara. Matsalar ita ce fuskar ƙwaya kawai take taɓawa, kuma abin da ya yi aiki a kan cokali ɗaya ba lallai ya yi a kan buhu ɗari ba. Busar da amfani yadda ya kamata da buhunan da ba sa shigar da iska sun fi ta araha a yanzu.

Akwai irin wannan filasma a sama?

Akwai. Daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000 a samanmu hasken rana yana ɓalle ilektiron daga siririyar iskar da ke wurin, kuma wannan shimfiɗa ce ke dawo da sautin rediyo mai gajeren zango ƙasa, har mai sauraro a Azare ko Kaltungo ya kama tashar da ke wata nahiya. Da dare ɓangarenta na ƙasa, wanda ke shanye sauti, yakan ɓace, shi ya sa tashoshin matsakaicin zango na nesa suke fitowa bayan magariba. Bauchi da Gombe suna kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, yankin da filasmar sama ke yawan hargitsewa bayan faɗuwar rana har ta dagula saƙon GPS, don haka wuri ne mai kyau na auna wannan lamari. Taurarin ɗan'adam da yawa kuma suna gyara matsayinsu da injin filasma da ke harba ayon na zenon ko kirifton da gudun kilomita 15 zuwa 20 a daƙiƙa, dabarar da Tarayyar Sobiyet ta fara gwadawa a sararin sama a farkon shekarun 1970.

Ɗalibin da ke Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Jami'ar Jihar Gombe, daga ina zai fara?

Ya fara da lantarki da maganaɗisu, da lissafin motsin ƙwayoyin gas, domin a filasma marar daidaito gudun ilektiron ba ya bin rabon Maxwell da aka saba koyarwa, wato yadda gudu ke rabuwa tsakanin ƙwayoyin gas mai daidaiton zafi, sai an warware lissafin Boltzmann kafin a san yawan masu kuzarin tsinka sinadari. Manhajar BOLSIG+ da ke warware wannan lissafi da rumbun bayanai na LXCat da take amfani da shi kyauta suke a intanet, kuma ƙaramar kwamfuta ta isa. Bayan haka ya koyi awo. Haɗa na'urar da za ta yi haske mai launin shunayya ba wuya, kuma ayyukan kammala karatu da yawa a nan suke tsayawa. Aikin yana zama kimiyya ne idan ɗalibin ya iya faɗin wat nawa ke shiga filasmar, giram nawa na ozon ko naitiret ke fitowa, da yadda adadin ke sauyawa tsakanin watan Agusta da watan Janairu. Na'urar osiloskof da ƙaramin kafasita da aka jera da na'urar sun isa auna wutar da filasma mai shingen gilashi ke ci, kuma yawan ozon ana iya gano shi da sinadarin fotasiyom ayodaid da ke kowane ɗakin gwajin kemistiri.

Wane haɗari ne ya kamata a kiyaye?

Sanyin filasmar bai rage komai daga haɗarin wutar da ke haifar da ita ba. Taransifomar da ake cirowa daga tsohon murhun maikurowef tana ba da kimanin bolt 2,000 da wutar da ta isa kashe mutum nan take, kuma bai kamata a yi gwaji da ita ba ko kaɗan. Kafasita tana riƙe caji bayan an kashe wuta, dole a sauke shi da sanda mai haɗe da ƙasa kafin a kai hannu, kuma kada kowa ya yi aiki shi kaɗai a ɗaki. Ozon yana ƙona huhu, kuma iyakar da aka saba sa wa ma'aikaci ita ce kashi 0.1 cikin miliyan a tsawon awa 8. Hanci yakan saba da warinsa bayan ɗan lokaci, saboda haka rashin jin wari ba shaida ba ne cewa ɗakin ya tsabtace. Filasmar iska tana kuma fitar da naitirojin dayoksaid, wanda illarsa ga huhu kan bayyana bayan sa'o'i. A yi gwaji inda iska ke wucewa ko a ja hayaƙin waje da bututu, a sa tabarau mai tare hasken da ido ba ya gani, kuma idan dogon ƙwan lantarki ya fashe a buɗe tagogi a fita na ɗan lokaci kafin a kwashe gilashin, saboda makurin da ke cikinsa.